Buhunan Waken Kwaya

Munir ne ya haɗa wa ƙungiyar manoman wake kwamfutocinta uku, ta Dungas, ta Dogo-Dogo da ta Kwaya, kuma ba ya bari kowa ya manta da haka. Tsarin dai shi ne, buhun da aka shigar a mangaza ɗaya, wato ɗakin ajiyar kaya, sauran biyun su gan shi nan take.

Da kaka ta yi, amalanken jakai suka dinga sauke wake a Kwaya, amma kwamfutar Dungas ta ce ko buhu ɗaya bai shigo ba. A taro, shugaban ƙungiya Alhaji Wakili ya nemi jin dalili. Gogan naka ko jakarsa bai buɗe ba.

"Alhaji, na'urata lafiyarta ƙalau. A dai duba mai zama gabanta."

Aka fashe da dariya. Mai zama gaban ta Kwaya kuwa Inna Hasiya ce, dattijuwar da ta koyi kwamfuta da furfurarta. Kafin kasuwar Dungas ta sake ci, magana ta tashi daga "ba ta iya ba" ta koma "ina buhunan suka shiga?" Aka ce ta miƙa makulli ranar Juma'a.

Ranar Alhamis Munir ya hau babur zuwa Kwaya, don ya shirya wa wanda zai gaje ta na'urar. Ya duba rezo, wato layin sadarwa, a cike. Ya duba agogon kwamfutar, daidai yake. Sai ga buhunan nan reras a cikin kwamfutar, kowane da sunan mai shi, babu wanda Inna Hasiya ta tsallake. Kwaya na aikawa, Dungas ce ke ƙin karɓa.

Nan gumi ya fara keto masa. Ya buɗo lambar shaidar da kowace kwamfuta ke gabatar da kanta da ita ga 'yan uwanta. Ta Kwaya da ta Dungas iri ɗaya ce sak. Sai ya tuna ranar da ya kafa ta Kwaya da damina, mangaza babu komai, hadari ya haɗo, shi kuma yana sauri. Kwafo duk abin da ke cikin ta Dungas ya yi ya juye a nan, bai sauya lambar ba. Shi ya sa duk saƙon da ya taso daga Kwaya, Dungas ke ɗauka nata ne ya dawo mata, ta watsar.

Gyaran bai kai shan ruwa ba. Ya sauya lambar, ya kashe ya kunna, buhuna suka shiga kwarara Dungas. Kunya ta rufe shi har ya kasa ɗaga kai. Ya fara saƙa yadda zai ce wa Alhaji rezo ne ya yi gardama.

Inna Hasiya ta shigo ta ajiye masa kwanon fura.

"Ya gyaru, ɗana?"

"Ya gyaru, Inna."

"Alhamdu lillahi, Allah ya yi maka albarka." Ta ja kujera ta zauna kusa da shi, ta gyara tabarau. "To don Allah nuna mini inda nake kuskuren. Ko na tafi, ina so in sani. Tun ranar taron nan nake ta nema, ban gano ba."

Munir ya dubi yatsanta da ta riga ta ɗora kan madannai, tana jira. Ya ciro wayarsa, ya kira Alhaji Wakili, ya ƙara murya yadda ita ma za ta ji gaskiyar daga bakinsa.