Malamin Jita Daga Agege

Tasi'u yana cikin jan guntun ƙarfen a kan tsirkiya ta uku ta jitarsa, sai muryar ta sake fitowa daga wayar da ya jingina da buhun iri.

"Sassauta hannu, ba yanka kake yi ba. Yauwa, haka. Wai ni kam, gidan marigayi Gwadabe na Sabon Gari, wanda yake kallon masallaci, har yanzu da mutane a ciki?"

Tasi'u ya ɗaga ƙarfen. Ya dubi wayar. Kamar kullum, babu abin da ake gani sai cinyar mutum, da jita a kwance a kanta, da hannaye biyu masu tamoji.

"Ban sani ba, Malam," in ji shi, alhali ya sani. "Ga mai sayayya ya zo. Sai Asabar." Ya kashe kiran. Babu kowa a bakin shagon.

Shekara biyu ke nan da babur ya kayar da shi a kan gadar Wudil, yatsu uku na hannunsa na hagu suka ƙage. Kafin nan shi ne yake kaɗa wa mawaƙa jita a wata 'yar situdiyo a Kano. Da ya ga ba zai ƙara danne tsirkiya ba, sai ya dawo gida Wudil ya zauna a shagon iri da taki. Wata rana ya ga bidiyon wani da ya kwantar da jita a cinya yana jan ƙarfe a kanta, babu ruwansa da yatsu. Ya kai tasa wurin kafinta aka ɗaga mata tsirkiyoyi. Sai neman malami. Wata guda yana lalube a intanet. Turawan da ya samu, Turancinsu ya fi ƙarfin kunnensa. Da ya gaji ya rubuta roƙo a wani zauren masu kiɗa, ya sa sunan garinsu. Washegari amsa ta zo, da Hausa.

Mutumin ya ce sunansa Baba Jamil, yana zaune a Agege, ya shekara talatin yana kaɗa irin wannan jita a ƙungiyoyin Yarabawa. Ya iya, babu shakka. A darasi huɗu Tasi'u ya fara jin jitarsa tana kuka kamar mutum. Amma bai taɓa nuna fuskarsa ba, kuma ya ƙi a biya shi. Sannan ga tambayoyi. Da farko kogi ya tambaya, ko har yanzu ana fito da kwalekwale. Daga nan kasuwar shanu ta ranar Juma'a. Yau kuma gida.

Da azahar ya faɗa wa matarsa Sakina. Ta ajiye ludayin da ke hannunta.

"Abban Radiyya, wa ya taɓa koyar da sana'a kyauta a waya? Gidan nan fa Hajiya Huseina ce a ciki, ɗanta yana aiki a Abuja. Haka suke yi. Su fara sanin wane ne a gida, ƙarfe nawa ake rufe ƙofa. In aka ɗauke tsohuwar nan, lambarka za a fara gani."

"To ya zan yi? Shi kaɗai na samu."

"Ka toshe shi. Ka kuma je ka gaya musu, tun kafin a zo a tambaye ka."

Ya buɗe wayar zai toshe lambar, ya daɗe yana kallonta, sannan ya mayar da ita aljihu. Bayan la'asar ya hau ɗan sahu zuwa Sabon Gari.

Hajiya Huseina tsohuwar ungozoma ce, rabin matasan unguwar a hannunta aka haife su. Ta fito zaure da carbi a hannu. Suka gaisa, ta tambayi mahaifiyarsa da mutanen gida da hannun nasa. Sannan ya zayyana mata komai, har da abin da Sakina ta ce, ya kuma nuna mata hoton hannayen da ya ɗauka daga wayar.

Ba ta karɓi wayar ba. Daga nesa ta leƙa.

"Ya ambaci sunana?"

"A'a, Hajiya. Gidan kawai ya tambaya."

Ta ci gaba da jan carbi. "Mu biyu aka haifa," in ji ta. "Ni da Hassan. Kiɗa ya shiga kansa, mahaifinmu Baffa ya ce ba a gidansa ba. Ya fita muna da shekara goma sha tara. Daga baya wani direba ya zo ya ce ya mutu a Ikko, har sadakar uku aka yi a zauren nan. Kuma ba kai ne na farko ba. Sau biyu ana zuwa mini da labarin an gan shi a asibiti, a kawo na magani. Na farkon ya ci nasara a kaina. Na biyun da tsintsiya na raka shi."

"Ni ma abin da nake tsoro ke nan, Hajiya. Shi ya sa na zo."

Ta dube shi tun daga hula har takalmi, kallon da ya sa ya gane shi ma bai fita daga zargi ba.

"Yi masa magana yanzu, a gabana. Kada ka ce ina nan. Ka ce ka bincika, an ce akwai wata tsohuwa, kuma ta ce in da gaske ya san gidan, ya faɗi abin da aka nema aka rasa ranar da ɗan gidan ya tafi."

Tasi'u ya naɗi saƙon murya ya tura. Aka nuna an saurara. Babu amsa. Mai waina ta wuce da tirenta, wasu awaki suka leƙo zauren suka koma. Hajiya ta gyara mayafi za ta tashi, sai wayar ta yi ƙara.

Muryar ta fito a hankali, ba irin ta darasi ba. "'Yan kunne ne na zinare, na mahaifiyarmu. Suna cikin gwangwanin hoda, a ƙasan kwalla ta uku a jeren ɗakinta."

"Duk unguwa ta san wannan," in ji Hajiya. "Har gidan mai unguwa aka je."

Saƙo na biyu ya shigo. An ji ya yi tari kafin ya fara. "Ɗaya na ɗauka. Na bar mata ɗaya. Ka ce mata ban zo neman komai ba. Na ga sunan Wudil a rubutunka ne na kasa wucewa."

Carbin ya tsaya a hannunta.

"Biyu na ce wa Baffa an ɗauke," in ji ta. "Na ɓoye ɗayan, don kada a raba shi cikin gado. Ko mijina bai sani ba har ya rasu."

Tasi'u ya riƙe wayar da hannu biyu.

"Matarka ba ta yi ƙarya ba," ta ce. "Ɓarawo ne. Namu ne dai."

"In kira shi, Hajiya?"

"A'a." Ta miƙe tana dafa bango. "Shekara arba'in da biyar yana da baki bai yi magana ba, ba zan ruga don ya yi tari a waya ba. Yaushe ne karatun naku?"

"Asabar, da hantsi."

"Ka ɗauko jitar ka zo ku yi a nan. Ni zan zauna a bayan ƙofa. Kada ka gaya masa."

Ta kai bakin ƙofar cikin gida, sai ta juyo.

"In ya sake tambayar gidan, ka ce masa da mutane a ciki."