Ƙasan Takalmi

Babanmu mai gyaran takalma ne, kuma bai taɓa gaisawa da mutum bai saci kallon ƙafarsa ba. Shagonsa ɗan ƙarami ne: benci ɗaya, basilla, gwangwanin ƙusa, da warin gam ɗin nan da har yau in na shaƙa sai kewar gida ta kama ni.

Ina shekara shida ya ɗauki takalmina na makaranta zai ɗinke. Ya juya ƙasansa. Dunduniyar na hagu ta cinye ta gefe ɗaya, ta na dama kuwa kamar sabuwa. Mama ta ce jan ƙafa ne kawai irin na malalata. Baba ya ajiye basilla. Ya rufe shago da rana tsaka, abin da ko ranar haihuwata bai yi ba, ya saɓa ni a kafaɗa sai asibiti. Likita ya ce matsalar a ƙugu take, kuma da an bar ni haka da na dawwama da ɗingishi. Na sha jinya, na warke, Mama kuwa ta shekara tana ba da labarin kamar ita ta fara lura.

Shi ya sa da ɗana ya cika shekara uku ya fara faɗuwa babu dalili, takalmansa na fara dubawa. Taku biyar, tim! Mijina ya ce ƙiriniya ce. Ni kuwa kullum ina juya takalmansa ina ƙura musu ido, ban gane komai ba sai ƙasa da cingam. Tsoro nake ji kada ya gaji ƙuguna.

Ran Asabar na kwashi yaro da takalma muka tafi gida. Baba ya daina aiki tun da idonsa ya yi rauni, amma bencin na nan a ƙofar ɗakinsa.

"Miƙo nan," ya ce.

Ya bi dunduniyoyin da babban yatsa, a hankali, kamar yadda ake taɓa goshin mai zazzaɓi. Ya kira jikan nasa, ya saka masa su, ya danna gaban, ya zura yatsu ta baya. Sai ya fashe da dariya.

"'Yar mai gyaran takalma guda! Wa ya saya masa waɗannan?"

"Ni ce, Baba. Na ga yana saurin girma."

"Ai kwalekwale kika saka masa. Yatsuna biyu sun shige ta baya. Ko ni aka ba wa irinsu sai na ci da baka."

Na ji kunya, amma ban saki jiki ba. "Baba, ka tabbata? Idonka fa..."

Ya laluba ƙarƙashin benci ya jawo tsohon akwatinsa na aiki. Daga can ƙasa ya zaro wani ɗan baƙin takalmi, ƙafar hagu, fatar duk ta tsattsage. Ya kama yatsana ya ɗora a dunduniyarsa, sannan a kan na ɗana.

"Kin ji bambancin? Nasa lafau suke, duka biyun. Ki kai shi wurin likita ya duba don hankalinki ya kwanta."

"Shekara talatin kana ajiye da wannan?"

"Sati uku yana cinyewa kafin na juya shi," ya ce. "A shagona kike cire shi kullum, ban duba ba."

Ya karɓe shi daga hannuna, ya goge da gefen rigarsa, ya mayar cikin akwati.