Kafaɗata a Ƙarƙashin Ciyaman

Shekara goma sha tara ina kafinta a ɗakin wasan kwaikwayo na unguwarmu, kuma duk abin da na ƙera a can, gaba kawai gare shi. Ƙofar fada, ginshiƙai, kujerar sarki: daga wajen 'yan kallo sai ka rantse zinariya ce, in ka zagaya baya ka tarar da falanki da ƙusa uku. Haka aikin yake. Mai fitowa a matsayin sarki ma ya san ɗosana mazaunai ake yi a bakin kujerar, ga shi siriri kamar tsinke.

Ranar da Ciyaman zai zo ya faɗi makomar ɗakin, ko a gyara mana shi ko a rushe, ina shiga sai ga kujerar nan a tsakiyar dandamali. An shimfiɗa mata jan kafet, har da laima aka kafa mata, a cikin ɗaki mai rufi. Na ɗaga murya na tambaya:

"Wa ya fito da wannan?"

"Ni ne, Yaya," in ji mijin ƙanwata, wanda ke tsara wa Ciyaman zama da tashi. Yana ta murmushi, wai shi ya yi gwaninta. "Oga ya ga hotonta, ya ce ita yake so. Ya ce jama'a ba sa jin maganar wanda ya zauna daidai da su."

"Kai, ka taɓa leƙa bayanta? Ƙafar hagu da gam aka manne ta! Ogan naka kuwa ya fi buhu biyu."

Murmushin ya ɗauke. "To ka gyara mana."

"Da haƙori? 'Yan tsaronku sun karɓe mini jakar aiki a ƙofa, wai guduma makami ce. A kawo wata kujerar."

"Yaya, ka rufa mini asiri. An riga an buga hotonsa da ita a fasta."

Kafin in zage shi yadda ya kamata, jiniya ta cika titi. Na dubi ɗakin: fankokin da na ɗaure da hannuna, bencin da na sake wa ƙafa sau huɗu. In mutumin nan ya faɗi a gaban kyamara, ko tsintsiya ba za a bar mana ba. Na ɗaga ƙyallen karammiskin da ya rufe bayan kujerar, na rarrafa ciki, na durƙusa, na tokare katakon da kafaɗata.

Ciyaman ya shigo da busa da kiɗa. Mai gabatarwa ya kira shi zaki, ya kira shi bango, ya kira shi rana, mutumin da shekara uku baya muke layin cajin waya tare. Sannan ya zauna. Wallahi sai da na ga taurari. Katakon ya yi ƙara ƙyas, ya nutse mini a ƙashi. Ƙura ta shiga hancina, na cije leɓe don kada atishawa ta tona ni.

A zaune ya yi jawabin, don an ce masa manya ba sa miƙewa. Duk sanda ya gyara zama sai na ji har ƙugu. Gumi na shiga idona, ƙafata ta dama ta mutu. Ina iya hango dugadugan takalminsa ta ƙasan ƙyallen, sabo fil, ko takardar farashi ba a ɓare ba. A raina ina cewa, daure, minti goma ne, ɗakinmu ne.

"Na dubi wannan wuri," in ji shi, "na ga bai dace da darajar al'ummarmu ba. Saboda haka za mu kawar da shi, mu gina katafariyar fadar saukar baƙi, mai ginshiƙai goma sha biyu."

Aka tafa. Har da mutanenmu na ji tafinsu, na tsoro.

Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Baƙin ciki ne, tsantsarsa, da kunya. Ni ne a durƙushe cikin duhu ina tallafe da wanda ya zo kashe ni. Na ce to shi ke nan, tun da abin ya zama haka, mu rushe tare. Na tuna ƙanwata da aikin mijinta, na ture tunanin gefe. Na ja numfashi, na zame kafaɗata a hankali, na ja da baya, na toshe kunne.

Na jira.

Ya gyara zama. Ya jingina sosai, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana bayanin marmara da za a sayo. Ƙafar hagun kujerar tana nan ƙyam, gam ɗina ya riƙe. Minti ashirin ya ƙara a kanta, ko gezau ba ta yi ba.

Ashe na iya aiki. Ban taɓa jin haushin hannuna irin na ranar ba.