Sallamar Ɗanasabe

Ga wata ta taso muku, ku gyara zama.

Mun gyara, ta ƙaraso mu ji ta.

To, a Funtua, can bayan kasuwar hatsi, akwai wani saurayi Mus'ab, ɗan Alhaji Aƙilu na Gozaki. Shi ba noma ya iya ba, ba sayar da auduga ba. Sana'arsa ƙirƙirar gem, irin wanda yara ke latsawa a waya har tuwo ya huce. Shi ke haɗawa, ƙanwarsa Naja'atu ke zana mutane da gidaje. Na farko da suka yi, Inuwar Ganuwa, labarin wani ɗan leƙen asiri ne na zamanin yaƙe-yaƙe, mai laɓe-laɓe cikin garin abokan gaba ba a gan shi ba. Ya karɓu, har 'yan Legas sun yaba.

Da aka zo na biyu sai Mus'ab ya ce kakan Alhaji zai sa, wato Ɗanasabe, wanda a gidansu ake ba da labarin ya taɓa shiga sansanin mahara ya fito da mutanen da aka kama. Ya je neman izini. Alhaji da ma bai taɓa ɗaukar wannan aiki sana'a ba, amma ya yarda bisa sharaɗi ɗaya: kakansa ba ɓarawo ba ne, kada a nuna shi yana shiga gidan kowa ba sallama. In aka saɓa, ya cire hannunsa daga aikin, albarkar da ya sa ma ya janye.

Mus'ab ya cika alkawari, ya ma cika fiye da kima. Duk ƙofar da Ɗanasabe ya isa a gem ɗin, sai ya tsaya ya rangaɗa sallama da ƙarfi, yadda ake yi a zauren Gozaki don na cikin gida su ji. Shi da Naja'atu ko a jikinsu, don a kunnensu haka shiga gida yake.

Gem ya fita, masu sharhi suka yi caa. Ginin ƙasa ya yi kyau, in ji su, kiɗan ya yi daɗi, labarin ma ya fi na farko. Amma ina aka taɓa ganin mai laɓe yana shelar isowarsa? Kana rarrafe cikin dawa, ka wuce masu gadi da ƙyar, ka kai bakin ƙofa, sai bawan Allah ya buɗe murya, a yi ram da shi. Wani ya ba su tauraro biyu cikin biyar. Wani ya yanko wurin ya sa a bidiyo, ana ta turawa ana dariya.

Mus'ab ya daina cin abincin kirki. Waya na yin ƙara, sai ya kife ta. Naja'atu ta ce a cire sallamar kawai a sabunta, Alhaji ai ko saƙo sai an karanta masa, ina zai sani? Mus'ab ya kai hannu zai goge ya fi a ƙirga, yana fasawa. In ya bari, sunansu ya zube, na uku babu shi. In ya cire, ya ci amanar uba.

"Yaya, kai ma ka zama Ɗanasaben," in ji ta. "Ka tsaya bakin ƙofa, ka ƙi shiga, ka ƙi komawa."

Da safe ya hau babur sai Gozaki. Duk hanya yana jera magana a ransa tana warwarewa. Ya tarar da Alhaji a gona ana yankan dawa, yana zaune gindin ɗorawa. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗi abin da ake ciki, bai rage ko dariyar da ake musu ba.

Alhaji ya ce a nuna masa. Mus'ab ya kunna, ya kai Ɗanasabe bakin ƙofa. Sallama, aka kama shi. Ya sake, aka sake kamawa, har da ɗauri. Alhaji ya matso da fuska, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Kakan nawa ake ja a ƙasa haka kamar ɗan akuya?"

"Sallamar ce, Baba. Suna ji."

"To wa ya ce maka ihu zai yi? Kai in za ka shiga ɗakin da ba kowa, ba ka sallama?"

"Ina yi, a hankali."

"Ya yi irin wannan. Mala'iku na ji, ya wadatar. Amma yi, sai ya yi."

Mus'ab ya ji kamar an sauke masa buhu daga ka. Bai ko tsaya shan furar da aka kawo ba, sai da Alhaji ya daka masa tsawa ya dawo ya sha.

Suka gyara. Yanzu Ɗanasabe in ya isa ƙofa sai ya ɗan sunkuya, leɓensa ya motsa, ya shige. Wasu masu sharhin sun dawo sun ƙara tauraro, ɗaya har ya ce wannan raɗar ita ta fi tsaya masa a rai. Da yawa kuwa sun riga sun wuce wani gem ɗin, ba su waiwayo ba, bidiyon dariyar ma yana nan yana yawo.

Na biyun bai kai na farko karɓuwa ba. Mus'ab yana Funtua yana haɗa na uku, da albarkar ubansa. Naja'atu na zane, tana tsokanarsa da sunan Mai Sallama. Alhaji Aƙilu ya kai dawarsa rumbu, kuma duk zuwan Mus'ab gida sai ya sa an kunna masa, ya ga kakansa ya shiga ya fito lafiya.