Katangar Ashiru

Ruwan Agusta ya rushe katangar gidan Ashiru, a wani ƙauye kusa da Roni. Sai ya ɗaura wa shanunsa amalanke, ya nufi tsohuwar hasumiyar dutse ta bayan gari, wadda kakanninsu kan hau don hango mahara. Hukuma ta hana taɓa ta, amma ranar mai gadinta, Baba Baƙo, ya tafi jana'iza Gwiwa. Ashiru ya zare duwatsu daga gindinta, ya gyara katangarsa.

Da aka sake yin ruwa, gefen hasumiyar ya zube. Aka ce sakacin Baba Baƙo ne, aka sallame shi daga aiki.

Washegari tsohon ya biyo ta ƙofar gidan, ya tsaya yana duban sabuwar katangar.

"Sannu da aiki, Ashiru. Allah ya sa ta yi ƙarko."

"Amin, Baba," in ji Ashiru, kansa a sunkuye.

Ranar bai iya cin abinci ba. Da safe ya rushe katangar da hannunsa, ya mayar da duwatsun. Sai dai ba wanda ya san yadda aka jera su, kuma tuni an ɗauki wani mai gadin.