Gwangwanin Sardin a Kan Wayar Kumandan

Tun ranar da ɗana Mutari ya hau bishiyar dogon yaron ƙofar gidanmu da gwangwanin sardin a aljihu, na san abin nan ba zai ƙare lafiya ba.

Wayar tarho da ta tashi daga gidan waya zuwa gidan kumandan, mai mulkin yankinmu, ta cikin rassan bishiyar nan ta ratsa. Mutari ya zo hutu daga lise, babbar sakandaren da ke Damagaram. Ya kwance matattun radiyoyi, ya harhaɗa wani abu a cikin gwangwanin, ya maƙala shi a jikin wayar. Da ya sauko ya murɗa radiyonsa zuwa inda aka rubuta FM, sai ga mutum biyu suna magana sarai, kamar a tsakar gidana suke.

"Hau ka cire," na ce masa. "Soja ke mulki yanzu, ko ka manta?"

"Haba Baba, babu tasha ko ɗaya a FM. Duk Magariya wa zai murɗa can? Kuma ba ya wuce unguwar nan."

Ya yi mini alkawari zai cire. Da ya tafi Dungas wurin kawunsa, na ɗauka ya cire ɗin.

A makon nan Rabe maɗinki, wanda shagonsa ke kallon gidana, ya dawo daga Kano da sabuwar radiyo. Bayan la'asar muka taru a rumfarsa, har da Ɗantsoho, gardin ƙofar kumandan. Rabe yana ta fankama, yana murɗa nan yana murɗa can. Sai wata murya ta fito da Faransanci.

"Kun ji ko? Har Faris take kamawa!" in ji Rabe.

"Faris ɗin gidanku," wani ya ce, aka fashe da dariya.

Ni ban yi dariya ba. Ɗan Faransancin da na tsinta a lakwal, makarantar boko, ya ishe ni gane cewa maganar waɗanda za a kama kan hatsin taimako ake yi. Mai maganar ya yi tari.

Ɗantsoho ya ajiye goronsa. "Ƙara murya, Rabe. Na san tarin nan."

Na ce bari in duba awaki, na shige gida. Hawa bishiyar ba zai yiwu ba, duk rumfar za ta gan ni. Na ɗauko gorar da muke kaɗo ganye da ita, na tsaya ta cikin katanga ina zungurar gwangwanin. Abin ya saku. Nan take muryar da nake jiyowa daga rumfar ta ɗauke, gwangwanin kuma ya faɗi ta waje, ya bugi dutse ƙwal.

Na daɗe a tsaye kafin na fita. Babu gwangwani a gindin bishiyar. Rabe yana jijjiga radiyonsa yana tsine wa 'yan kasuwar Kano. Ɗantsoho kuwa ya tashi.

Na aika wa Mutari ya zauna a Dungas sai na neme shi. Kullum da safe Ɗantsoho yana wucewa ya ce, "Malam Sambo, ina kwana? Ina ɗan lise, bai dawo ba?" Har yau ban san wanda ya ɗauki gwangwanin nan ba.