Fitilar da Ta Daina Kiftawa

Mai Kunne ya tsaya a bakin titi, ya ɗaga kai yana karanta allon har hularsa ta kusa zamewa. GAREJIN MAI KUNNE DA ƊANSA. Ya karanta, ya sake karantawa, sannan ya waiga ya ga ko akwai wanda ke kallonsa.

Ba sunansa na yanka ba ne. Direbobi ne suka laƙaba masa tun yana gyara a gindin bishiyar da ke tsallaken titin nan, domin mota na tsayawa zai karkata kai ya faɗi ciwonta kafin a buɗe bonet. Yanzu gwiwa ta gaji, ido ya fara hazo. Amma ga ɗansa, wanda kowa ke kira Injiniya, ya gina gareji mai rufin kwano da daɓen siminti, har da ƙarfen da ke ɗaga mota sama. Shi ya koya wa yaron nan riƙe sifana tun hannunsa bai iya zagaye ta ba.

Da safe matarsa ta goge masa farar riga, ta miƙa masa da gargaɗi. "Malam, don girman Allah kada ka taɓa ko ƙusa. Yau uban gida kake. Na gaji da wankin baƙin mai tun ina yarinya."

Injiniya ya taro shi da murna, ya ja shi har gaban wata kujera mai laushi da aka ajiye daidai ƙofa.

"Baba, ga ofishinka. Aikinka kawai ka zauna. Duk wanda ya shigo ya ga fuskarka, hankalinsa ya kwanta."

"To, na zama hoton bango ke nan," in ji Mai Kunne, yana dariya. Ya zauna, ya baza riga, ya harɗe ƙafa. Masu motoci na shigowa suna rusunawa, yana amsawa da kai. Rabon da ya ji ƙirjinsa ya cika haka, har ya manta.

* * *

Rana ta ɗaga sai ga wata farar mota mai giyar taimako, duk jikinta busasshiyar laka. Ta wani ƙaramin asibiti ce da ke can bayan kogi, ita ke kwaso marasa lafiya daga ƙauyuka zuwa gari. Direban dogo ne mai surutu, tun bai kashe inji ba ya fara ƙorafi.

"Injiniya, wannan koriyar fitilar ta ishe ni. Ina sa giyar taimako sai ta kama kifta min ido kamar budurwa. Kuma sauri nake, ana jirana."

"Sha kuruminka, Oga Direba. Je ka zauna a inuwa."

Mai Kunne ya gyara zama don ya more kallo. Ya san ciwon. A ƙarƙashin mota akwai ƙaramin giyabos mai raba ƙarfi zuwa ƙafafun gaba, a jikinsa kuma akwai suwic-suwic da ke shaida wa mota cewa giyar ta shiga. In laka da tsatsa suka toshe su, fitila ta yi ta kiftawa, ƙafafun gaba kuma ba za su ja ba. Magani ɗaya ne, a kwance su a wanke, wanda ya mutu a sa sabo.

Sai dai Injiniya bai shiga ƙarƙashin motar ba. Kansa ya tura ƙasan sitiyari da filaya a hannu. Kafin direban ya gama gaisawa da mutane, ya fito yana karkaɗe hannu. Aka sa giya, fitila ta kama, ta tsaya cak, koriya shar.

"Kai! Gadon gida!" in ji direban. "Baba, ka haifi ɗa."

Mai Kunne ya kasa kunne. Kansa a karkace yake.

"Ɗana, cire giyar ka sake sawa," ya ce wa direban.

Aka sake. Fitila ta kama. Amma wannan ɗan ƙaran da ake ji daga ƙasa idan ƙafafun gaba sun kama, ƙwas, bai zo ba. Tsohon ya tashi, ya zura hannu ƙasan sitiyari, yatsunsa suka ci karo da sabon tef, a cikinsa guntuwar waya da aka haɗa don fitila ta kama ko da giyar ba ta shiga ba. Ya ja ɗansa gefe, bayan tarin tayoyi.

"Mene ne wannan?"

"Baba, ka rage murya."

"Na ce mene ne wannan? Fitila ka gyara ko mota?"

Injiniya ya yi murmushin da ake yi wa tsoho. "Zamani ya canza, Baba. In na ce zan kwance in wanke, yininsa ya tafi, gobe ba zai dawo ba, gaba zai yi wurin wanda zai haɗa masa wayar nan. Mutane ba gyara suke nema ba, so suke fitila ta yi musu shiru. Kowa haka yake yi."

"Ni ba kowa na haifa ba. Ɗaga kai ka dubi gabas, hadari ne ke haɗuwa. Ranar da motar nan ta kafe a taɓo da mai naƙuda a baya, fitilar ce za ta fito ta tura?"

"Ai ba lallai ta kafe ba."

Mai Kunne ya dube shi daga sama har ƙasa. Ya cire hularsa ya ɗora a kan kujera mai laushi.

* * *

Da farar rigar ya kwanta a ƙarƙashin motar. Gwiwarsa ta yi ƙara, bai saurare ta ba. Ya zare soket, ya ga bakin wayoyin ya yi kore da tsatsa. Ya sa sifana ya kwance suwic ɗin ɗaya bayan ɗaya, yana jera su yadda ya ciro su don kada su cakuɗe. A kan kowanne akwai ɗan ƙwallon ƙarfe da ya kamata ya lotsa ya dawo, amma laka da tsohon mai sun daskarar da su. Ya jiƙa su a fetur, ya bi su da buroshi, yana dannawa da babban yatsa har suka fara tsalle. Ido ba ya gani sosai, yatsa kuwa bai manta komai ba. Ya gwada su da mitar auna wuta. Ɗaya ya ƙi motsi ko kaɗan.

"Ba ni sabo," ya ce daga ƙasa.

Injiniya ya ɗauko daga kantar kaya ya miƙa, fuskarsa a ɗaure. Ashe akwai su, jere a kwali, ƙura ta rufe.

Ya mayar da komai, ya fizge guntuwar wayar nan daga ƙasan sitiyari, ya sa aka ɗaga motar sama. Direban ya sa giya. Ƙwas. Ƙafafu huɗu suka juya tare a iska.

Mai Kunne ya tsaya yana kallonsu, baƙin mai na bin gwiwar hannunsa. Bayansa na ciwo, amma tsayuwarsa ta fi ta kowa miƙewa a garejin.

Direban ya sauko yana duban rana. "Haba Baba, ka cinye min yini. Ai Injiniya ya riga ya gama tun ɗazu. Fitilar ba ita ce dai wannan ba?" Ya shiga mota, ya leƙo ta taga. "Injiniya, in na dawo kai za ka duba min. Tsohon nan akwai nawa."

Da ƙurar motar ta lafa, uban ya juya wurin ɗansa.

"Motoci nawa ka yi wa haka?"

Injiniya ya kau da kai.

"To, ka sauke sunana daga allon can."

"Baba, allo an riga an kafa. Kuma sunan nan ai gadona ne. Ka je gida ka huta, rana ce ta buge ka."

* * *

Matarsa ta ga rigar tun daga zaure, ta riƙe baki. "Malam! Me na ce maka? Duk maƙwabta na gaya musu yau kana kan kujera."

"Iya, ina akwatin kayan aikina?"

Ta dubi fuskarsa. Ta shiga ɗaki ta jawo akwatin daga ƙarƙashin gado.

Washegari ya shimfiɗa buhu a gindin tsohuwar bishiyarsa, ya jera sifanoni daga ƙarama zuwa babba, ga buroshi, ga gwangwanin fetur. Ya zauna a kan dutsen da ya san shi, ya miƙe baya.

A tsallaken titi motoci sun yi layi har bakin kwalta, a ƙarƙashin allon da ke ɗauke da sunansa. Suna shiga, ba su daɗewa suna fitowa. Wasu direbobin kan ɗaga masa hannu in za su wuce, yana amsawa. Babu wanda ya tsaya.

Can yayyafi ya fara sauka. Wata mota mai giyar taimako ta fito daga garejin, cike da mutane, ta kama hanyar kogi. Mai Kunne ya karkata kai yana saurarenta har ta ɓace. Sannan ya ja gefen buhu ya rufe sifanoninsa, kada su yi tsatsa.